Yadda Jarrabawar Turanci ta Ɗaliban Jami'a Ta Kafu a Ƙasar Sin

Sau biyu a shekara, a watan Yuni da watan Disamba, ɗaliban jami'o'in ƙasar Sin kan zauna wata jarrabawar Turanci ta ƙasa baki ɗaya da aka fi sani da CET. Matakai biyu gare ta, na huɗu da ake yi da safe da na shida da ake yi da rana. An tsara ta ne domin ɗaliban da ba Turanci suke nazarta ba, wato masu karatun injiniya da likitanci da lauya da aikin gona da sauransu. Masu digiri a Turanci suna da tasu daban mai suna TEM. Tun tsakiyar shekarun 2000 masu zama CET sun haura miliyan 10 a kowace shekara, abin da ya sa ta cikin manyan jarrabawar harshe na duniya. Da insha'i ake buɗe ta, na minti 30, sai sauraro ya biyo baya, kuma a kan waɗannan sassa biyu aka fi kai ruwa rana tun ranar da aka kafa ta.

Koyar da Turanci a hukumance ya faro ne a 1862, lokacin da daular Qing ta buɗe makarantar Tongwen Guan a Beijing don horar da tafintoci bayan kashin da ƙasar ta sha a hannun Turawa. Bayan kafuwar Jamhuriyar Jama'ar Sin a 1949, Rashanci ya ture Turanci gefe saboda ƙawancen da ke tsakanin Beijing da Mosko, har malaman Turanci da dama suka koma koyon Rashanci domin su tsira da aikinsu. Da ƙawancen ya lalace, gwamnati ta ayyana Turanci a matsayin harshen waje na farko a makarantu a 1964, amma kafin wannan ya kankama sai Juyin Juya Halin Al'adu ya ɓarke a 1966, karatun jami'a ya shiga ruɗani na shekara goma. An dawo da jarrabawar shiga jami'a a 1977, kuma a 1978 Deng Xiaoping ya buɗe ƙofofin ƙasar ga duniya. Daga nan darajar Turanci ta riƙa hawa a jarrabawar shiga jami'a: kashi 10 cikin 100 na makinsa kawai ake ƙirgawa a 1979, zuwa 1983 kuwa ana ƙirga shi cif. Ƙishirwar harshen ta kai mutane na taruwa gaban talabijin don kallon shirin koyar da Turanci na BBC mai suna Follow Me, wanda gidan talabijin na ƙasa ya fara nunawa a 1982.

Abin da hukuma ke nema a wancan lokaci a fili yake. Ana son injiniya da masanin kimiyya da zai iya karanta littafi ko mujallar fanninsa da aka buga a Amurka ko Ingila, ya kwaso ilimin da ƙasar ta rasa a shekarun da take rufe. Wannan buƙata ce ta tsara manhajar Turancin jami'a da aka fitar a 1985 domin ɗaliban kimiyya da injiniya, da wadda ta biyo ta a 1986 domin sauran fannoni. Manhajar ta sa karatu a gaba, sauraro ya biyo baya, rubutu da magana suka zo ƙarshe. Ta kuma raba darasin zuwa matakai shida, kowane mataki zangon karatu ɗaya. Mataki na huɗu, wanda ɗalibi zai kai a ƙarshen shekararsa ta biyu, shi ne mafi ƙarancin abin da ake buƙata, na shida kuma na waɗanda suka yi gaba ne. Daga nan sunayen matakan jarrabawar suka samo asali.

Manhaja ba ta tabbata sai da hanyar gane ko ana bin ta, don haka aka ɗora wa wani kwamitin malamai aikin tsara jarrabawa guda ga dukan jami'o'i. Cibiyar aikin tana Jami'ar Jiao Tong ta Shanghai, kuma Farfesa Yang Huizhong ne ya daɗe yana jagorantar kwamitin. An yi mataki na huɗu karon farko a watan Satumban 1987 da ɗalibai kimanin 100,000, mataki na shida kuma a watan Janairun 1989. Maki 100 ne gaba ɗaya, kuma a mataki na huɗu an raba su haka: karatu 40, sauraro 20, kalmomi da nahawu 15, cike gurbi 10, insha'i 15. Mai maki 60 ya ci, mai 85 ya yi fice, kuma kowannensu ana ba shi takardar shaida.

A mataki na huɗu, idan aka cire insha'i, duk sauran maki 85 na tambayoyi ne masu amsa huɗu da ɗalibi zai zaɓi ɗaya, na'ura ta duba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙasa mai ɗalibai da yawa da malamai kaɗan tana buƙatar awon da zai yi wa ɗan Shanghai da ɗan lardin Gansu adalci iri ɗaya cikin ɗan lokaci, kuma masu tsarin sun ga yadda jarrabawar TOEFL ta Amurka, wadda ta shigo Sin a 1981, take aiki. Duk da haka sun yi abin a yaba da suka dage sai an sa insha'i tun daga ranar farko, alhali sun san kowace takarda sai idon malami ya bi ta kanta.

Yadda ake duba insha'in ya yi tasiri sosai a kan irin Turancin da miliyoyin mutane suka koyi rubutawa. Ana tara malamai a cibiyoyi, a ba su wasu takardun ɗalibai da aka riga aka amince da makinsu a matsayin ma'auni, a kan maki 2 da 5 da 8 da 11 da 14. Mai dubawa zai karanta takarda sau ɗaya, ya auna ta gaba ɗayanta, ya ga wace ma'auni ta fi kusa da ita, ba ya tsayawa ƙirga kurakurai ɗaya bayan ɗaya. Tambayar kuma takan zo da kanun magana da jagorar sakin layi uku, sau da yawa da Sinanci: a bayyana al'amari, a kawo dalilai ko ra'ayoyi biyu masu karo da juna, a rufe da ra'ayin marubuci. Wannan tsari ya sauƙaƙa wa masu dubawa, ya kuma sauƙaƙa wa masu sayar da littattafan share fage. Nan da nan kasuwa ta cika da ƙwarangwal ɗin insha'i da ɗalibi zai haddace, jimlar buɗewa da ta haɗi da ta rufewa duk a shirye, shi dai ya cusa kalmomin kanun da aka ba shi a guraben da aka bari. Wasu ɗaliban ma suka lissafa cewa za a iya cin maki 60 ba tare da an taɓa insha'in ba. Domin toshe wannan kafa, a rabi na biyu na shekarun 1990 aka kafa dokar mafi ƙarancin maki: wanda ya samu ƙasa da 6 a insha'i za a zabtare masa maki a jimilla, wanda ya samu sifiri kuwa ya faɗi ko da ya cinye sauran.

Sauraro yana da nasa matsalolin. A tsarin farko ɗalibi zai ji gajeruwar hira tsakanin mace da namiji, jimla ɗaya ko biyu kowanne, sai murya ta yi tambaya, sannan a karanta wasu gajerun labarai. Sau ɗaya ake kunna kowanne. Ɗalibin da ya ƙware a dabarun jarrabawa yakan duba amsoshin huɗu tun kafin a fara, ya yi hasashen tambayar, ya tsinci kalma ɗaya ko biyu, ya dace. Saboda haka daga 1996 aka fara shigo da sababbin nau'o'in tambaya, ciki har da shifta, inda ake karanta labari sau uku ɗalibi ya cike kalmomi da jimlolin da aka cire. Akwai kuma batun isar da murya ɗaya ga ɗakuna ɗaruruwa a lokaci guda. Jami'o'i da yawa suka warware shi da ƙaramin gidan rediyon harabar makaranta mai watsawa a zangon FM, kowane ɗalibi ya zo da na'urar sauraro ta sawa a kunne, ya kamo tashar kafin a fara. Inda sauti ya yi ƙaiƙayi ko batir ya mutu, makin ya tafi ke nan.

Tun farko an kafa CET ne don auna koyarwa, amma cikin shekaru kaɗan ta zama ƙofar da ake wucewa ta cikinta zuwa abinci. Jami'o'i suka fara gasa da yawan ɗalibansu da suka ci, da yawa daga cikinsu suka shar'anta cewa ba digiri sai da takardar mataki na huɗu, ko da yake Ma'aikatar Ilimi ta sha faɗin cewa ba ita ta ba da wannan umarni ba. A daidai lokacin ne gwamnati ke janye hannu daga raba wa masu digiri aiki, kamfanoni suka shiga neman takardar a wurin masu neman aiki, har birnin Shanghai ya sa ta cikin abubuwan da ake ba wa maki wajen bai wa sabon mai digiri izinin zama. Da faɗaɗa ɗaukar ɗalibai a jami'o'i daga 1999, adadin masu zama ya ninka sau da yawa, satar amsa da fitar da tambayoyi kafin lokaci su ma suka ƙaru. Suka mafi zafi ita ce jarrabawar tana yaye masu “Turancin kurame da bebaye”, mutanen da ke da takardar shaida amma ba sa iya amsa waya da harshen. A 1999 aka ƙara gwajin magana, sai dai na zaɓi ne, kuma a shekarun farko masu babban maki a rubutacciyar jarrabawa kaɗai ke iya shiga.

Shigar Sin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, da samun damar karɓar wasannin Olamfik na 2008 a Beijing, sun canza abin da ƙasar ke so daga Turanci. Karanta mujalla bai wadatar ba ga wanda zai yi ciniki da baƙo baki da baki. Sabuwar manhajar gwaji ta 2004 ta ɗaga sauraro da magana sama, kuma hukuma ta fahimci cewa malami da ɗalibi ba za su ba da lokacinsu ga abin da ba shi da maki ba. A 2005 aka soke takardar “ya ci” ko “ya yi fice”, aka koma ba da takardar sakamako a kan maki 710 mai nuna abin da ɗalibi ya samu a kowane sashe. Daga 2006 sabon tsari ya ɗaga sauraro daga kashi 20 zuwa 35 cikin 100, daidai da karatu, aka ƙara dogayen hirarraki, aka cire sashen kalmomi da nahawu. An kuma taƙaita jarrabawar ga ɗaliban da ke makaranta. Niyyar soke layin ci ita ce a rage nauyin da aka ɗora wa jarrabawar, amma da yake sai mai maki 425 a mataki na huɗu ke iya zama na shida, jami'o'i da kamfanoni suka ɗauki 425 a matsayin sabon layin ci, aka ci gaba da gashi.

Gyaran watan Disamban 2013 ya taɓa rubutu ta wata hanya. An cire cike gurbi, aka kawo fassarar sakin layi guda daga Sinanci zuwa Turanci mai kashi 15 cikin 100, a kan tarihi da al'adu da tattalin arziki da zamantakewar ƙasar Sin. Ɗalibi kan tarar da bayani a kan shayi ko wani biki ko wani kogi, a ce ya mai da shi Turanci cikin minti 30. A nan hadda ba ta da amfani sosai, domin abin da za a faɗa an riga an yanke shi, kuma wannan ya sa insha'i da fassara tare suka kai kashi 30. Gyaran ya kuma nuna sauyin manufa: ƙasar da ta koyi Turanci don kwaso ilimin waje tana son ’ya’yanta su iya bayyana ta ga na waje. Insha'in kansa bai motsa daga kashi 15 ba, sai dai da tafiyar shekaru tsawonsa ya ƙaru zuwa kalma 120 zuwa 180 a mataki na huɗu, 150 zuwa 200 a na shida, kuma tambayar takan zo da zane ko jadawali ko wasiƙa maimakon tsohuwar jagorar sakin layi uku.

A watan Yunin 2016 aka sake taɓa sauraro. An cire gajerun hirarraki da shifta. Mataki na huɗu ya samu gajerun rahotannin labarai uku irin na rediyo, na shida ya samu lacca da jawabi, wato irin maganar da ɗalibi zai ci karo da ita a ajin jami'ar waje ko a taron ƙwararru. Tambayoyi 25 ne a kowane mataki, dukansu na zaɓar amsa, kuma har yanzu sau ɗaya ake kunnawa. Wannan mataki ya kusantar da abin da ake ji zuwa ga Turancin yau da kullum, amma ya rufe wuri ɗaya tilo da ake gwada ko ɗalibi zai iya rubuta abin da kunnensa ya ji, kuma wannan rashi ne na gaske ga wanda zai riƙa ɗaukar bayani a lacca.

A 2018 gwamnati ta fitar da ma'aunin ƙwarewar Turanci na ƙasa mai hawa tara, domin a riƙa kwatanta sakamakon jarrabawa daban-daban, na gida da na waje, a kan sikeli guda. Gwajin magana yanzu a kwamfuta ake yin sa, a watan Mayu da Nuwamba. Batun ɗaure digiri da sakamakon jarrabawar kuwa kowace jami'a ce ke yanke wa kanta. A watan Satumban 2023 Jami'ar Jiaotong ta Xi'an, ɗaya daga cikin manyan jami'o'in ƙasar, ta sanar cewa ba za ta ƙara sa sakamakon CET cikin sharuɗɗan ba da digirin farko ba, sanarwar da ta tayar da muhawara mai zafi tsakanin masu ganin an sauke wa ɗalibai kaya da masu tsoron kada darajar harshen ta faɗi a aji.