Ba Iijima ne ya fara ganin bututun kabon ba

Wani ya rubuta wai Sumio Iijima ne ya "ƙirƙiro" siraran bututun kabon a 1991. Haba malam! Iijima gwani ne, babu musu, amma ya tarar da sawun wasu a hanyar.

Tun 1952 Radushkevich da Lukyanovich suka buga hotunan zaren kabon mai rami a ciki, kaurinsa wajen nanomita 50. Da Rashanci suka rubuta, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, Turawan Yamma ko leƙawa ba su yi ba.

Ni dai gwanina Morinobu Endo. Matashi ne ɗan Japan da ya je Orléans ta Faransa yana aiki da Agnès Oberlin. Tururin sinadarin benzin ake gasawa a zafin da ya haura digiri 1000, ƙananan ƙwayoyin ƙarfe su zama iri, zare ya riƙa tsirowa daga jikinsu. Da suka duba a madubin ilektron, sai ga rami ya ratsa tsakiyar zaren tun daga gindi har kai. Suka buga a 1976, su da abokin aikinsu Koyama, shekara 15 cur kafin Iijima! Kuma wannan hanya ta tsirar da bututu a kan ƙwayar ƙarfe ita masana'antu suka fi bi har yau. Amma ka tambayi ɗalibai, mutum nawa suka san sunansa?

Abin da Iijima ya yi a kamfanin NEC shi ne fayyace tsarin: ƙwayoyin zarra na kabon a saƙe gida-gida mai kusurwa 6, an naɗe su kamar tabarma. A 1992 su Mildred Dresselhaus suka nuna cewa karkatar naɗin ce ke sa wani bututu ya wuce da lantarki tamkar ƙarfe, wani kuma sai da sharaɗi.

Kada ma a tayar mini da zancen Nobel. Masu ƙwallon kabon na C60 sun karɓa a 1996, masu shimfiɗar kabon ta girafin a 2010, masu bututu shiru.

Batun amfanin bututun kuwa, a 1995 Walt de Heer a Lausanne da mutanen Smalley a jami'ar Rice suka nuna bututun na fesa ilektron ba tare da an zafafa shi ba, don tsininsa yana tattara ƙarfin lantarki wuri guda. Samsung ta gwada allon talabijin da shi a 1999, amma LCD ta cinye kasuwa. Yanzu an karkata ga injinan hoton X-ray.