Yadda Muka Koyi Huda Tankin Kifi a Ƙasar Tsafe

A zamanin iyayenmu, kifi a 'Yankuzo da sauran garuruwan Tsafe arzikin gulbi ne da tafki, wanda masunta ke kamawa idan ruwa ya ja baya, su ƙyafe shi, su kai kasuwa. Kuma ko da aka kammala madatsar Bakolori a 1978, albarkarta ta fi sauka a wajen Talatar Mafara, mu mutanen duwatsu sai abin da fatake suka kawo. Bayan da aka ƙirƙiri Jihar Zamfara a 1996, Gusau ta cika da ma'aikata masu son ɗanyar tarwaɗa, tankunan roba kuma suka yawaita, sannan ne masu himma suka fara kiwonta a tsakar gida, mu masu gyaran famfo kuwa muka tsinci kanmu cikin wata sana'a da ba wanda ya gada.

Mas'alar da ta fara tasowa ita ce ta rariya. Tarwaɗa, duk da juriyar da Allah Ya hore mata, kashinta da ragowar abincinta suna kwanciya a gindin tanki su gurɓata ruwa, alhali an ƙera tankin ne domin ajiye ruwa mai tsabta, mafitarsa ƙarama ce, ba ta jan dauɗa. Da farko, bisa ga ta'adar da muka gani wurin maƙera, mukan gasa rodi a wuta mu caka wa robar. Hujin yakan fito a karkace, bakinsa ya ƙone ya yi kauri, ta yadda duk gam ɗin da aka shafa ba ya hana yoyo, kuma na sha ganin mai gida ya wayi gari ruwa ya tsiyaye, jarinsa na kwance a tabo.

Sannu a hankali, bayan hasara mai yawa, muka fahimci ɗabi'ar roba: gaggawa take ƙi. Kafin a huda, sai an zubar da ruwa an busar da wurin, saboda hatsarin lantarkin injin huji. A zaɓi inda bango yake a shafe, nesa da ƙusurwa, a bar gurbin da notin ɗaure bututu zai juya. A tokare bayan da katako, sannan a ɗora zarto mai da'ira a kan injin huji, a tafi da shi cikin natsuwa, domin saurin juyi yana narkar da roba, dannawa kuma tana tsaga ta, musamman tankin da rana ta daɗe tana duka har ya yi gautsi. Wajen ɗaure bututu a hujin, washar roba ita ke riƙe ruwa, kuma a ra'ayina wanda ya matse noti har ta murɗe ya ɓata aikinsa da hannunsa.

Hikimar da ta zo daga baya, wadda na fi girmamawa, ita ce bututun da ake tsayarwa a waje: ruwa ya fito daga gindi, ya hau cikinsa, ya zube daidai tsayin da ake so, idan kuwa aka kwantar da shi tankin ya wanke kansa. A yau, da rashin tsaro ya hana mutane da yawa zuwa fadama, akwai iyalan da suka koma Tsafe da Gusau da Bunguɗu suna ciyar da 'ya'yansu da irin wannan tanki, suna kuma karkata ruwan rariyarsa ga zogale da alayyafo.