Injin tace ruwa na osmoz: yadda ake duba aikinsa da yadda ake zaɓen rezin

Ruwa yana iya zama garau a ido, amma yana ɗauke da gishiri iri-iri da suka narke a cikinsa. A Tibiri, kusa da Maraɗi, tsakanin 1985 da 2000, ruwan famfo mai yawan fuliwor ya ɓata haƙora da ƙasusuwan yara da dama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada fuliwor ya wuce miligiram 1,5 a lita guda, nitarat kuma kada ya wuce miligiram 50. Saboda haka, idan kuna kula da injin tace ruwa a gidan likita, ko a wurin ƙulla ruwan leda, ku dogara da awo, kada ku dogara da ido.

Yaya injin yake aiki?

Injin yana tura ruwa da ƙarfi ta cikin wata fata mai ƙananan ƙofofi ƙwarai, wadda ake kira mambaran. Ruwa yana wucewa, yawancin gishiri yana tsayawa, sai ya fita tare da ruwan zubarwa. Ƙananan injuna sukan zubar da lita 3 ko 4 kafin su ba da lita guda. Kafin mambaran akwai matatar laka, da matatar gawayi mai kama kulor, wato sinadarin ruwan jabel. Kulor yana cin mambaran, don haka ku canza matatun nan biyu kamar kowane wata 6.

Yaya za ku duba aikinsa?

Ku nemi ɗan ma'aunin da aka rubuta TDS a jikinsa. Yana nuna yawan gishirin da ke cikin ruwa.

1. Ku bar injin ya yi aiki minti 5, domin ruwan farko ya fi gishiri.
2. Ku auna ruwan da ke shiga. Misali: 400.
3. Ku auna ruwan da ke fita daga mambaran. Misali: 20.
4. Ku ɗebe 20 daga 400, saura 380. Ku raba 380 da 400, ku ninka sau 100. Amsa ita ce 95.

Ma'ana, injin ya cire kashi 95 cikin 100. Mambaran mai lafiya yana cire kashi 90 ko fiye. Idan ya sauka zuwa 80, lokacin canji ya yi. Ku rubuta lambobin da kwanan wata cikin kaye kowane mako. Ku sani, ma'aunin nan ba ya ganin ƙwayoyin cuta, kuma ba ya faɗin yawan fuliwor. Wannan aikin ɗakin binciken ruwa ne.

Mi ne ne rezin?

Rezin ƴan ƙwayoyi ne ƙanana, ba su kai ƙwayar gero ba. Suna kama gishirin da ya tsere wa mambaran, har ma'auni ya nuna 0. Irin wannan ruwa shi ake zuba wa batir na wutar rana, kuma ɗakin awon jini yana buƙatarsa. Ruwan sha ba ya buƙatar rezin.

Wane rezin za ku saya?

Ku tambayi gaurayen rezin, wanda aka haɗa iri biyu a cikinsa, domin kowane iri rabin aiki yake yi. Kada ku karɓi rezin da ake wankewa da ruwan gishiri a madadinsa. Shi wannan musanya yake yi: yana cire farar ƙasa, yana sa sodiyom, lambar ma'auni ba ta sauka. Akwai kuma mai canza launi idan ya gaji, wanda ke sauƙaƙa lura. Duk da haka, da zarar lambar ta fara hawa daga 0, ku canza shi.

Ku sa rezin bayan mambaran, domin ruwan rijiya kai tsaye yana ƙarar da shi da wuri. Wanda ba ku yi aiki da shi ba, ku ajiye shi a rufe cikin inuwa, kada ya bushe.