Asalin Ilmin Makamashi a Jami'o'inmu, Daga Itacen Dawanau Zuwa Hasken Rana

Wanda duk ya bi hanyar Katsina daga birnin Kano, ya iso Dawanau ta ƙasar Dawakin Tofa, ya ga gonaki maƙil da juna babu saura, ga ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo tsaye cikinsu, to, ya ga rumbun makamashin da kakanninmu suka dogara da shi shekaru aru-aru, domin da itacen nan da karan dawa ake hura murhun ƙauye, da su kuma a da jakuna ke shiga birni kowace safiya. A wancan zamani babu mai ɗaukar wannan a matsayin fannin ilmi, sana'a ce kawai ta masu faskare da 'yan itace.

Abubuwa biyu ne suka sa masana suka waiwayo. Na farko shi ne farin da ya auka wa ƙasashen Sahel a farkon shekarun 1970, na biyu kuwa tashin farashin man fetur na 1973, wanda ya nuna wa duniya cewa abin da ake haƙowa daga ƙasa yana da iyaka. Amma kafin wannan duka, wani ɗan Tasawa ta ƙasar Maraɗi, Farfesa Abdou Moumouni, wanda aka haifa a 1929, ya riga ya duƙufa kan nazarin zafin rana, har ya shugabanci hukumar makamashin rana ta ONERSOL a Yamai tun daga 1969. Bayan rasuwarsa a 1991 aka sanya wa jami'ar Yamai sunansa, kuma lalle ya cancanci hakan, gama ya fahimci ni'imar da Allah Ya shimfiɗa bisa kawunanmu tun mutane da yawa ba su ankara ba.

A Nijeriya hukuma ta fara ne da makamashin nukiliya a 1976, sa'an nan aka kafa cibiyar bincike da horarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda daga bisani, a 2004, ta kunna ƙaramin injin nukiliya na bincike, irinsa na farko a ƙasar. Dokar Hukumar Makamashi ta Ƙasa ta fito a 1979, sa'an nan a 1982 aka buɗe cibiyar binciken makamashi ta Sakkwato, inda malamai, cikinsu har da Farfesa Abubakar Sani Sambo, suka yi ta ƙera na'urar busar da amfanin gona, da tukunyar dahuwa da rana, da murhu mai cin itace kaɗan, da ramin fitar da iskar gas daga kashin shanu.

Sai dai abin da ya fi kusa da mutanen Dawanau ya fito ne daga Jami'ar Bayero, kuma ba daga sashen injiniya ba, daga sashen labarin ƙasa. A shekarun 1980 ra'ayin da ya yaɗu shi ne cewa cin itacen birni zai share bishiyoyin karkarar Kano ƙarƙaf, hamada ta shigo. Michael Mortimore da abokan aikinsa suka fita gona-gona suna ƙidayar bishiyoyi, suna gwada abin da suka gani da hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a shekarun baya, kuma cikin littafin da suka fitar a 1990 suka tabbatar da hujja cewa manoman da ke kewaye da birni ba su bar bishiyarsu ta ƙare ba, alhali kuwa jama'a sai ƙaruwa take. Dalili shi ne manomi ba ya sare ɗorawar da ke ba shi kalwa, ko gawon da ke ƙara wa gonarsa taki. Reshe yake sassabewa, ya bar uwa, kuma kowace bishiya da mai ita. Itacen birni kuwa manyan motoci ne suka koma ɗebo shi daga dazuzzuka masu nisa, can ɓarnar ta koma. A ganina wannan bahasi ya kamata ya zama darasin farko ga kowane ɗalibin makamashi, domin ya nuna cewa talaka yana da hikimar tattali tun kafin jami'a ta zo.

Ita Jami'ar Bayero a Satumba 2019 aka ƙaddamar mata da tashar lantarki mai haɗa hasken rana da batura da injinan dizal, mai ƙarfin megawat 7.1, aka haɗa da wurin koyar da ɗalibai aikin da hannunsu. Tsakaninta da kasuwar hatsi ta Dawanau tafiya ce kaɗan, amma har yanzu a kasuwar janareto na juya injinan niƙa da na gyaran riɗi, kuma a ƙauyukan kewaye a kan tabarma da leda ake shanya zoɓo da barkono, ƙura da awaki suna ɗibar rabonsu, ga na'urar busarwar da aka ƙera a Sakkwato tun shekarun 1980 ba ta kai ga yawancin manoma ba.