Wayar Salula da Kanumfari: Nazari kan Horar da Hanci a Kudancin Kano

Tsakure

Maƙalar ta auna amfanin manhajojin waya wajen farfaɗo da jin ƙamshi a ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Matsayarta ita ce aikin waya tunatarwa ne da ajiye bayani, abin shinshinawa kuwa yana nan a kasuwannin yankin.

Waiwaye

A 2009 Thomas Hummel da abokan aikinsa a Dresden ta Jamus suka sa masu matsalar jin ƙamshi shinshina abu huɗu safe da yamma har mako 12: fure, lemun tsami, kanumfari da man itacen turare. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sun samu sauƙi. Dalili kuwa, jijiyoyin ƙamshi da ke can saman kogon hanci suna sabunta kansu, kuma yawan motsa su na taimakawa. Da korona ta ɓarke a 2020, manhajoji da kwalaben horo suka cika kasuwa a Turai da Amurka.

Da masu tallar waɗannan kwalabe mai binciken yake jayayya, domin suna nuna kamar sai da kayansu horon zai yiwu. Aikin Aytug Altundag na ƙasar Turkiyya a 2015 ya rushe wannan: waɗanda aka riƙa sauya musu ƙamshi duk mako 12 sun fi waɗanda suka tsaya kan huɗun farko samun ci gaba.

Hanyar bincike

An ɗora waɗannan ayyuka da aka wallafa a kan yanayin rayuwa da sana'o'in yankin.

Sakamako

A nan hanci kayan aiki ne. Manomin shinkafa a Tudun Wada da mai ajiye masara a Doguwa da hanci suke gane hatsin da ya fara fumfuna. Masuncin madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 a ƙasar Bebeji, da wari yake bambance kifin yau da na jiya. Mafi haɗari shi ne ƙwayar da ake jefa wa buhunan wake don kashe ƙwari: iskar da take fitarwa guba ce, kuma warinta mai kama da na tafarnuwa shi ne kusan gargaɗi ɗaya tilo da mai ɗaki yake samu. Wanda hancinsa ya mutu zai iya kwana kusa da ita bai sani ba. Haka uwargida da tukunyar gas mai yoyo.

Babban abin da nazarin ya gano shi ne sabo. Gwajin jin ƙamshi na Jami'ar Pennsylvania na 1984 yana da ƙamshi 40, wasunsu Ba'amurke ne kawai ya tashi da su, don haka lafiyayyen mutumin wannan yankin zai iya faɗuwa ba don hancinsa ya lalace ba. Horo ma yana son mutum ya tuno ƙamshin yayin da yake shinshinawa, kuma ba a tuno abin da ba a taɓa sani ba. Kanumfari da lemun tsami suna cikin jerin Hummel, ga su a kasuwar Kwanar Ɗangora da ke Kiru. A haɗa da citta, daddawa, kimba ko turaren wuta, a zuba kowanne a kwalba mai murfi, a shinshina daƙiƙa 10 zuwa 20. Banda barkono, domin shi ƙona hanci yake yi.

Abin da ke kayar da horon shi ne gajiya kafin wata uku su cika, kuma nan ne waya take da rana. Saƙon murya da Hausa bayan Asuba da bayan Magariba, ta WhatsApp ko ta ƙaramar waya, ya fi manhajar Turanci mai cinye data dacewa da ƙauyukan gefen dajin Falgore. Ma'aikacin lafiya a matakin farko zai iya karɓar amsa duk mako, ya rubuta ƙamshin da ya fara dawowa.

Iyakokin nazari

Dole a yarda cewa nazarin na takardu ne, kuma ƙarfin kayan ƙamshin kasuwa ba ɗaya ba ne. Horo kuma ba ya buɗe hancin da tsiro ya toshe. Mai irin wannan, ko tsohon da ƙamshi ya ɗauke masa haka kawai, abin da kan iya zama alamar farko ta cutar Parkinson, a tura shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.