Helen Frankenthaler: Mai Zanen Da Ta Mayar Da Fenti Rini

Sanin kowa ne cewa marubuci yana da gata guda wanda ba kowane mai fasaha ke da shi ba, wato damar gogewa. Idan jimla ta ƙi zama sai mu soke ta, mu sake wata, babu wanda zai san an yi. A wannan fitowa za mu waiwayi tarihin wata mai zane 'yar Amurka, Helen Frankenthaler, wadda ta zaɓi hanyar aiki da ba ta yarda da gogewa ko kaɗan, ta kuma shafe kusan shekara 60 tana bin ta. Abin da muke son mai karatu ya lura da shi shi ne yadda aikin da ido ke gani kamar an yi shi cikin ƙiftawa da bismilla yake ɗauke da horo mai tsawo da asara mai yawa a bayansa.

Asalinta da karatunta

An haifi Helen a birnin New York ranar 12 ga Disamba, 1928. Ita ce auta cikin 'ya'ya mata uku. Mahaifinta, Alfred Frankenthaler, alƙali ne a babbar kotun jihar New York, mahaifiyarta kuwa daga Jamus aka zo da ita tun tana ƙarama. Gidansu gidan rufin asiri ne, sai dai mahaifin ya rasu a 1940, lokacin tana da shekara 11. A makarantar Dalton ta fara koyon zane a hannun Rufino Tamayo, shahararren mai zane daga ƙasar Meksiko. Daga nan ta wuce kwalejin Bennington da ke jihar Vermont, inda Paul Feeley ya koyar da ita tsarin ginin hoto, ta kammala a 1949.

Ta dawo New York ne a daidai lokacin da wani sabon salon zane yake tashe. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wasu masu zane irin su Jackson Pollock da Willem de Kooning da Mark Rothko sun daina kwaikwayon siffar mutum ko bishiya ko gida. A maimakon haka suka riƙa amfani da launi da layi da motsin hannu zalla don fitar da abin da ke cikin zuciya, a kan yadi masu girman gaske. Wannan salo, wanda za mu kira zanen zuci maras siffa, shi ne ya ƙwace wa birnin Paris kambun cibiyar zane ya kai shi New York. Akasarin waɗanda suka yi suna a cikinsa maza ne, kuma sun girme wa Helen nesa ba kusa ba.

A 1950 ta haɗu da Clement Greenberg, mai sharhin zane da ake jin maganarsa fiye da ta kowa a wancan zamani. Shi ya gabatar da ita ga manyan masu zane, ya kuma ba ta shawarar ta je ta ƙara ilimi wurin Hans Hofmann. Ta hanyarsa ne ta ga yadda Pollock yake aiki: ya shimfiɗa yadi a ƙasa, ya riƙa zagaya shi yana ɗiga fenti da sanda. A 1951 ta shiga baje kolin nan na Titi na Tara tare da manyan, kuma a shekarar ce zauren Tibor de Nagy ya shirya mata baje kolinta na farko ita kaɗai.

Duwatsu da Teku

A bazarar 1952 Helen ta yi tafiya zuwa Nova Scotia a gabashin Kanada, inda duwatsu suke gangarowa har bakin teku. Bayan ta dawo, ranar 26 ga Oktoba, ta shimfiɗa wani yadin kanfas a daɓen ɗakin aikinta, ƙafa 7 da 'yan kai a tsaye, kusan ƙafa 10 a kwance. Bisa al'ada, mai zane yakan fara shafe yadi da farin fenti mai kauri domin ya toshe ramukan zare, launi ya zauna a bisa. Helen ba ta yi wannan shafe ba. Ta ɗan ja layuka da gawayi, sannan ta tsinka fentin mai da tafentin har ya koma ruwa-ruwa, ta riƙa kwarara shi a kan yadin daga cikin gwangwanayen kofi.

Abin da ya biyo baya ya bambanta da aikin Pollock. Fentin Pollock a saman yadi yake tsayawa ya daskare, nata kuwa sai ya nutse cikin zaren, kamar yadda baba ke kama tufa a marina. Launi da yadi suka zama abu ɗaya. Shuɗi da kore da ruwan hoda da ja mai haske suka bazu kamar gajimare, wasu wuraren kuma ta bar su babu fenti, kalar yadin kanta ta shiga cikin hoton. Ta sa masa suna Mountains and Sea, wato Duwatsu da Teku. Shekarunta 23 a lokacin.

To, ga inda gizo ke saƙa. Mai zanen da ya yi shafen farko yana iya kankare kuskurensa ko ya rufe shi da wani fenti. Wanda ya rina yadi ba shi da wannan mafita, domin abin da zare ya sha ya sha ke nan. Dole ne tun kafin ta karkata gwangwani ta san yawan ruwan da za ta zuba, da inda zai gangara, da lokacin da za ta tsaya. Helen ta sha faɗin cewa hoto mai kyau shi ne wanda ya yi kama da an haife shi lokaci guda, ta kuma bayyana cewa sau da yawa sai ta yi aiki da dama da suka lalace, ta yar da su, kafin ta sami ɗaya irin wannan.

Da aka baje hoton a farkon 1953 babu wanda ya saya. Amma a watan Afrilu na shekarar, Greenberg ya kai wasu masu zane biyu daga birnin Washington, Morris Louis da Kenneth Noland, ɗakin aikinta suka gan shi. Suna komawa gida suka kama gwada wannan dabara ta rini. Daga baya Louis ya kwatanta aikin nata da gada tsakanin Pollock da abin da zai yiwu a gaba. Daga wannan ziyara ce reshen zanen da ake kira filin launi ya sami ƙarfinsa.

Suka da yabo

Ba a bar Helen ta sha ruwa cikin sauƙi ba. Wasu masu sharhi sun ce zanenta kyau kawai gare shi, ba shi da nauyi, suna danganta taushin launukanta da kasancewarta mace. Wasu kuma sun riƙa yi mata gorin cewa 'yar masu hali ce, ba ta ɗanɗani yunwar da sauran suka sha ba. Har ila yau, shekaru da dama an fi ɗaga darajar Louis da Noland, alhali kuwa a wurinta suka ɗebo wuta. Ita dai ba ta yarda a kira ta "mace mai zane" ba, ta fi son a auna aikinta da ma'aunin da ake auna na kowa.

Sannu a hankali aikin ya yi wa kansa magana. A 1959 ta ci kyautar farko ta zane a baje kolin matasa na duniya a Paris. A 1960 mawaƙin nan Frank O'Hara ya shirya baje kolin ayyukanta a gidan tarihin Yahudawa na New York. A 1966 tana cikin masu zane huɗu da suka wakilci Amurka a babban baje kolin Venice na ƙasar Italiya, sannan a 1969 gidan adana zane na Whitney ya tattara ayyukanta ya baje. A tsakanin nan ta auri Robert Motherwell, shi ma gwanin zane, a 1958, suka rabu a 1971.

Dabarar tata ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Fentin mai yakan bar da'irar maiƙo a gefen launi, kuma yakan cinye zaren da ba a shafe ba idan an daɗe. Saboda haka a farkon shekarun 1960 ta koma fentin akirilik, wanda ake tsinkawa da ruwa, yake kuma saurin bushewa. Launukanta suka ƙara kaifi, gefensu ya ƙara fita. Hotonta The Bay na 1963, wanda ke gidan adana zane na Detroit, misali ne: wani ƙaton shuɗi yana zaune a kan kore da ruwan toka. Ban da gwangwani, takan yi aiki da soso da buroshi da abin goge gilashi wajen jan fentin zuwa inda take so.

Daga yadi zuwa katako

Wani abin mamaki shi ne yadda ta ɗauki sana'ar da ta fi kowace taurin kai, wato bugun katako. A wannan sana'a ana sassaƙa allon itace ne, a shafa masa tawada, a danna shi a kan takarda, kuma yawanci kowane sashe na hoton yana buƙatar allonsa. Ta yi na farko, East and Beyond, a 1973. A shekara ta 2000, tare da gwanin ɗab'i Kenneth Tyler da masassaƙi ɗan Japan Yasuyuki Shibata, ta fitar da Madame Butterfly, mai faɗin kamar mita 2, wanda aka buga da allo 46 da launi 102. Wanda ya tsaya gabansa zai rantse an watsa ruwan launi ne sau ɗaya aka bar shi ya bushe.

Kammalawa

A 1994 Helen ta auri Stephen DuBrul. Gwamnatin Amurka ta ba ta lambar yabo ta ƙasa kan fasaha ta shekarar 2001. Ta rasu a garin Darien na jihar Connecticut ranar 27 ga Disamba, 2011, tana da shekara 83. A 2020 an sayar da hotonta Royal Fireworks na 1975 a kan kusan dala miliyan 7.9. Shi kuwa Duwatsu da Teku, wanda ya rasa mai saye a 1953, an ba da aronsa na dogon lokaci ga babban gidan adana zane na ƙasa da ke Washington.

'Yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, akwai abin dubawa a nan. Mukan karanta shafin wani gwani, mu ga maganar tana gudana kamar ruwa, sai mu ɗauka haka ta zo masa, mu kuma mu miƙa wa maɗaba'a rubutunmu na farko. Ba mu ga takardun da ya yaga ba, kamar yadda mai kallon hoton Helen ba ya ganin yadin da ta naɗe ta jefar. Ita da ba ta da damar gogewa ta yarda ta yi asarar yadi sukutum don kada ta fitar da abin da bai kai ba. Mu da muke da magogi a hannu, kamata ya yi kafin mu kai labari ko waƙa gaban jama'a mu tambayi kanmu sau nawa muka sake shi, da kuma nawa muka ajiye a gefe.