Abin da Ake Saya da Abin da Ake Tarawa: Ɗakunan Karatun Jami'o'in Abuja da Buƙatun Fannonin Ilimi

Idan ana auna ɗakin karatun jami'a a ƙasar nan, abu biyu aka fi dubawa: yawan littattafan da ke kan kanta da sabuntarsu, sai kuma rumbunan bayanai na intanet da aka biya kuɗin shigarsu. Suna cikin abin da ayarin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ke bincikawa idan ya je tantance kwasa-kwasai, don haka a kansu shugabannin jami'o'i ke zuba kuɗi. Ma'aunin yana da amfani, amma yana ɗaukar dukkan fannoni a matsayin masu buƙata iri ɗaya. Hujjar wannan maƙala ita ce, akwai fannonin da kayan bincikensu na sayarwa ne, akwai kuma waɗanda babu mai sayar da nasu, sai dai a fita a tattaro. Jami'o'in Abuja sun mai da hankali kan rukunin farko, sun bar na biyu, alhali a na biyun ne babu wanda zai yi musu aikin.

Mu fara da inda aka samu sauƙi. Likita mai neman ƙwarewa a Asibitin Koyarwa na Gwagwalada yana iya buɗe rumbun PubMed a wayarsa tsakanin zagayen ɗakunan marasa lafiya, ya ga taƙaitaccen bayanin kusan duk binciken da aka buga kan cutar sikila. Cikakken rubutun ne kan gagare shi idan mujallar ta kuɗi ce, kuma don cike wannan giɓi Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara shirin HINARI a 2002. AGORA na fannin noma ya biyo baya a 2003, OARE na muhalli a 2006, ARDI na ƙere-ƙere a 2009, sai GOALI na shari'a a 2018, duka a ƙarƙashin inuwar Research4Life. Masu lissafi da kimiyyar fiziks, irin waɗanda ke Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a Sheda ko Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka a Galadimawa, suna da rumbun arXiv tun 1991, kyauta. Damuwarsu wutar lantarki ce da ƙarfin intanet da dala. Dalar da ke wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, wato kuɗin shiga mujallar waje ya ninka uku a naira ba tare da an ƙara ko shafi ɗaya ba. Matsala ce babba, amma an san maganinta: kuɗi, da haɗa kai wajen ciniki. Asusun TETFund, wanda aka kafa a 2011, yana da kason bunƙasa ɗakunan karatu, kuma ya fi kowace jami'a ƙarfin yin ciniki da manyan kamfanonin ɗab'i a madadin kowa.

Fannin shari'a ya koya mana wani abu daban. Ɗalibin Makarantar Horar da Lauyoyi ta Bwari bai fi buƙatar mujallar Ingila ba. Hukuncin Kotun Ƙoli da ta Ɗaukaka Ƙara yake nema. Abin da ya wadata shi aikin cikin gida ne: rahoton hukunce-hukunce na mako-mako da marigayi Gani Fawehinmi ya fara bugawa a 1985, da rumbuna irin su LawPavilion da suka biyo baya. Wani ne ya bi kotuna ya tattaro hukuncin, ya tsara shi, kafin ya zama hajar da laburare zai saya. Lauyoyi suna da kuɗin biya, shi ya sa kasuwa ta yi musu wannan hidima. Masanin tarihi da na harshe ba su da irin wannan kasuwa.

A nan ne batun ya yi tsanani. Ɗauki ɗalibar da ke son rubuta kundin digiri na biyu kan yadda aka tashi ƙauyukan Gbagyi bayan dokar soja mai lamba 6 ta 3 ga Fabrairu 1976, wadda ta kafa Babban Birnin Tarayya. Rumbun JSTOR zai ba ta 'yan maƙalun da Turawa da 'yan ƙasa suka rubuta, na AJOL ya ƙara mata wasu. Daga nan fa? Rahoton kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda kan kafa sabon birnin, da babban tsarin birnin na 1979, da takardun ƙidayar gidaje da biyan diyya, a ofisoshin gwamnati suke, inda ba don mai bincike aka ajiye su ba. Fayilolin zamanin Turawa na wannan yanki suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. Tarihin tsohuwar Abuja, wadda Abu Ja ya kafa a 1828 kuma yau ake kira Suleja, Alhaji Hassan Dallatu da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta shi da Hausa, Frank Heath ya fassara shi aka buga a 1952. Littafi ne da ya kamata a ce kowace jami'a a Abuja tana da shi a harsunan biyu. Mafi muhimmanci kuma, dattawan Gbagyi da Gade da Koro da Gwandara da Bassa da suka ga tashin da idonsu suna ta ƙarewa. Wanda yake ɗan shekara talatin a 1976 yau ya kai tamanin. Babu kamfanin da zai sayar wa jami'a da muryarsa bayan ya rasu.

Haka abin yake ga nazarin Hausa. Mujallar Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, da takardun tarukan ƙara wa juna sani da ake bugawa kwafi kaɗan a raba a zauren taro, da tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, da ɗimbin littattafan adabin kasuwar Kano, kaɗan ne daga cikinsu ke cikin rumbunan da ake biya da dala. Abin lura ne cewa ɗaya daga cikin sanannun tarin waɗannan littattafai na Kano yana makarantar SOAS a Landan, saboda masanin Hausa Graham Furniss ya ɗauke su da muhimmanci a lokacin da wasu a gida ke musu kallon shirme.

Za a iya cewa wannan aikin Ɗakin Karatu na Ƙasa ne. A doka haka ne: dokar 1970 ta wajabta wa mai ɗab'i ya miƙa kwafi 3 na duk littafin da ya buga, gwamnatin jiha 10, ta tarayya 25. Amma marubuciyar da ta buga littafinta da kuɗinta a Kano ba lallai ta san da dokar ba, kuma dokar ba ta kai ga kundin digiri ko hirar baka. Ga ginin hedikwatar Ɗakin Karatun na Ƙasa da aka ba da kwangilarsa a 2006 a tsakiyar Abuja, wanda ya shafe kusan shekara ashirin ba a kammala ba. Jami'ar da ta zauna jiran wannan, jiran gawon shanu take yi.

Za a kuma iya cewa jami'o'in Abuja yara ne. Jami'ar Abuja a 1988 aka kafa ta, ta fara karatu a 1990. Veritas ta zo a 2007, Nile a 2009, Baze a 2011. Ba za su kamo Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ba. Gaskiya ne, amma Zariya ma ba gado ta ci ba. Shirin Binciken Tarihin Arewa da Abdullahi Smith ya jagoranta a shekarun 1960 gida-gida ya bi yana ɗaukar hoton rubuce-rubucen malamai, kuma daga wannan himma aka samu Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Jami'ar Ahmadu Bello ba ta cika shekara goma ba a lokacin.

Akwai ma dukiyar da ke hannu aka yi sakaci da ita. Duk wanda ya shiga sashen kundaye a jami'o'inmu ya san yanayinsa: kundaye masu kaurin bango jere har sama, ƙurar hunturu a kansu, a ba ka ɗaya ka karanta a zaune, ba aro, ba kwafi. A ciki akwai binciken ruwan rijiyoyin Kuje, da kasuwar Gwagwalada, da tukwanen Ushafa, wanda ba a taɓa bugawa ko'ina ba. Hana kwafi bai hana satar fasaha ba. Ya dai hana malami gane cewa an riga an yi aikin. Kundin da ke intanet, manhajar gano sata tana ganinsa.

Ra'ayina shi ne kowace jami'a a Abuja ta ware wani kaso tabbatacce na kuɗin laburare don tattarawa, ta naɗa ma'aikacin da ya san fannin kuma yake jin harsunan yankin, ta sa kundayenta a ma'ajiyar intanet da kowa zai iya buɗewa. Jami'o'in da cibiyoyin bincike na birnin su haɗa kundin sunayen littattafansu wuri guda, yadda ɗalibin Bwari zai san abin da ke Jabi kafin ya biya kuɗin mota. Ita kuma Hukumar Kula da Jami'o'i, wadda ofishinta ke nan Maitama, ta ƙara tambaya ɗaya a takardar tantancewa: me wannan ɗakin karatu ya tattara wanda babu shi a wani wuri? Hirar dattawan da suka shaida 1976 ita ce ta fi gaggawa, da ita ya kamata a fara a wannan zangon karatu.